Zaɓen Dutsen Kantar Kicin: Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

  

Yau hirar tamu a kicin za mu yi ta. Abin da ya jawo ta kuwa saƙo ne da wata 'yar uwa ta aiko mana. Ta ce bayan shekara da shekaru tana roƙo, maigidanta ya yi mata gyaran kicin, aka shimfiɗa mata wani farin dutse tas a kan kanta, wato dogon dandamalin nan da ake tsayawa a gabansa a yi yanke-yanke da wanke-wanke. Ranar da aka gama, duk wadda ta shigo sai ta riƙe baki. Ba a rufa wata biyu ba azumi ya kama, aka shiga jiƙa tsamiya, da matse lemun tsami, da tace zoɓo. Kafin salla dutse ya yi dabbare-dabbare, ƙyallinsa ya mutu a wurare, ga shacin gindin kwalbar manja ya zauna daram. Ta goge har hannu ya gaji, abu ya ƙi fita. Maigida ya ce rashin kularta ne, ita kuwa abin ya tsaya mata a rai. Shi ne take tambaya, wai laifinta ne ko laifin dutsen?

To 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne. Shi ma dutsen ba a ce marar kyau ba ne, an dai kai shi inda ba muhallinsa ba. Wanda ya sayo ba shi ke girki ba, wadda ke girkin kuma ba a tambaye ta ba. Shi ya je kasuwa ya ga abu yana walƙiya ya biya don ya faranta miki, bai san abin da ke zuba a kan kanta daga safe zuwa dare ba. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka abin da nake so mu riƙe yau guda ɗaya ne: girkinki shi zai zaɓar miki dutse, kuma kina zaune a cikin gidanki za ki iya gwada shi kafin a biya ko kwabo.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin mace. Kakanninmu su ke zaɓen dutsen niƙa, sun san wanda zai yi shekaru yana aiki, sun san mai marmashewa ya cika gari da tsakuwa. Haka duwatsun murhu, sun san wanda wuta ke fasawa. Ba makaranta suka je suka koya ba, aiki ne ya koya musu. Ke ma ilimin nan bai fi ƙarfinki ba.

Bari mu fara da sanin duwatsun. Idan maigida ya je wurin masu sayarwa, sunaye biyu zai fi ji, giranit da mabul. A ido sukan yi kama, don duka an goge su suna sheƙi, amma asalinsu daban ne.

Giranit narkakken dutse ne da ya huce sannu a hankali a can cikin ƙasa, har ya daskare ya zama ƙwaya-ƙwaya. Shi ya sa idan kika dube shi da kyau za ki ga ɗige-ɗige, baƙi da fari da ja-ja, kamar an gauraya gero da dawa. Irinsa ne Dutsen Kufena na Zariya, da manyan duwatsun nan na ƙasar Jos, kuma shi ake farfasawa a yi tsakuwar da ake zuba kankare da ita. Abin da ya yi dubban shekaru rana na dukansa ruwa na dukansa, ba lemun tsami ne zai ba shi tsoro ba.

Mabul kuwa asalinsa farin dutsen nan ne da ake yin siminti da shi, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe. Zafi da nauyin ƙasa ne suka matse shi ya rikiɗe ya zama mabul. Ana samunsa a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo, ana kuma shigo da shi daga ƙasashe irin su Italiya da Turkiyya. Alamarsa ita ce zane-zane masu tafiya kamar jijiya ko hayaƙi. Kyau kam ba a magana. Hajiyoyin da suka yi ɗawafi sun taka farin mabul ɗin da aka shimfiɗa a harabar Ka'aba, wanda ba ya ƙona ƙafa ko da tsakar rana, daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka aka kawo shi. Sai dai can tafiya ake yi a kansa, ba wanda ke jiƙa tsamiya a wurin.

Ga inda gizo ke saƙar. Sinadarin da ke jikin mabul ɗan uwan na ɓawon ƙwai ne, tsami yana cin sa. Duk abu mai tsami da ya zauna a kansa, ko lemun tsami, ko tsamiya, ko zoɓo, ko yakuwa, ko tumatir, ko nono, ko ruwan tsamin gasara, sai ya cinye ƙyallin wurin ya bar shi dusu-dusu. Wannan ba datti ba ne da sabulu zai fitar, fuskar dutsen ce ta zaizaye. Gyaransa sai an kira mai injin gogewa. Yanzu ki lissafa, a cikin abubuwan nan da na ambata, wanne ne ba ya shiga kicin ɗinki a mako?

Sai batun tauri. Wani masani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin duwatsu a shekarar 1812, daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u shi ne na 10. A wannan ma'auni mabul yana wajen 3, wuƙar kicin tana tsakanin 5 da 6, giranit kuwa 6 zuwa 7. Ma'ana wuƙarki ta fi mabul tauri, za ta karce shi, amma giranit ya fi wuƙar tauri, shi zai dakushe ta. Ko wanne aka sa miki, katakon yanka bai zama abin yarwa ba.

Akwai na uku da ake kira kwazayit. Shi ma dutse ne na asali, yana da zane irin na mabul da tauri irin na giranit, sai dai yakan yi tsada, kuma akan sami mabul da aka laƙaba wa sunansa. Akwai kuma wanda ake ce wa kwaz, shi wannan ba daga dutse aka yanko shi ba, garin dutse ne aka kwaɓa da wani irin danƙo a masana'anta. Ba ya shan mai, amma tukunya mai zafi tana iya ƙona danƙon ta bar tabon da ba ya fita. In an ce za a sa miki shi, ki san ba dutsen asali ba ne.

To, za ki ce da ni, ni da ba fita nake ba, ina zan ga waɗannan duka? An ce zuwa da kai ya fi aike, gaskiya ne, amma a wannan harka wadda ke gida ta fi wanda ya je kasuwa damar ganewa, don kayan gwajin duk suna kicin ɗinki. Masu yankan dutse ba sa rabuwa da guntaye, ragowar abin da suka yanka. Ki roƙi maigida, ko ɗanki, ko ƙaninki, ya karɓo miki guntu kamar tafin hannu daga kowane irin da ake tunanin saye, ko uku ko huɗu. A rubuta suna da farashi a bayan kowanne don kada su rikice. In da hali a ɗauko miki hoton babban fallen a waya, domin guntu ba ya nuna yadda zanen yake a faɗinsa. Sannan ki nemi a ba ki kwana biyu.

Gwaji na farko na tsami ne. Ki ɗiga lemun tsami a fuskar da aka goge, ki bar shi kamar minti 15, ki share, ki ɗaga guntun ki karkata shi wajen haske. In kika ga wurin ya dushe, ko tun da fari kika ga ƙananan kumfa suna tashi, to dangin mabul ne, ko da wane suna aka sayar da shi.

Na biyu na ruwa ne. Ki zuba cokali ɗaya ki bar shi minti 15. In kika share kika ga wurin ya yi duhu, dutsen yana shan ruwa ke nan. Wanda ya yi duhu cikin minti biyu ko uku, wannan mashayi ne sosai, kuma yadda ya sha ruwa haka zai sha mai. Giranit ma ba duka suka zama ɗaya ba, farare da masu haske sun fi shan ruwa, masu duhu galibi sun fi tsukewa.

Na uku shi ne na manja. Ki ɗiga manja a gefe guda, man gyaɗa a wani gefen, ki ƙara da ɗan kurkum da zoɓo, kai har kwaɓaɓɓen lalle in kina da shi, tunda a kicin da yawanmu ke kwaɓa shi. Ki bar su su kwana. Da safe ki wanke da ruwa da sabulun wanke-wanke, ki bari ya bushe, ki duba abin da ya rage.

Na huɗu, ki ɗauki tsinin wuƙa ki ja layi a kai da ɗan ƙarfi. In ya shiga har ya fitar da farin gari, dutsen mai laushi ne. In kuwa wani layi mai ruwan toka kika gani wanda ya goge da yatsa, wannan ƙarfen wuƙar ne ya zauna, dutsen lafiyarsa lau.

Na biyar na masu son baƙi ne. Akwai baƙin dutsen da ake yi wa rini don ya ƙara duhu, bayan an yi watanni ana wankewa sai ya koɗe ya yi fari-fari. Ki sami farin ƙyalle ki jiƙa shi da ruwan nan na goge jan farce, ki murza a kan guntun. In ƙyallen ya ɗauko baƙi, an yi rini.

Guntun da ya tsallake waɗannan, shi ne naki. Ki ajiye shi, kada ki yar, ranar da aka kawo babban falle a gwada su gefe da gefe, don a tabbatar abin da aka zaɓa shi aka kawo.

Wataƙila mai sayarwa ya ce da maigida ai akwai maganin da ake shafawa, sila suke ce masa, in an shafa shi ke nan. Maganin gaskiya ne, yana toshe ƙananan ƙofofin dutse ya hana mai saurin shiga, kuma yana da kyau a shafa shi tun ranar da aka kafa. Amma ki riƙe wannan da kyau, sila ba ta hana tsami cin mabul. Kuma ba shafa ɗaya ba ce har abada. Lokaci-lokaci ki maimaita gwajin ruwan nan a kusa da wurin wanke-wanke, in kika ga ya fara duhu, lokacin sake shafawa ya yi.

Sai launi. Baƙi wuluk mai sheƙi yana da kwarjini, amma da hunturu, ƙura na sauka za ki iya rubuta sunanki a kai, kuma ruwan rijiya ko na burtsatse yakan bar masa farin shaci in ya bushe. In kicin ɗin ba shi da wadatar taga, ga shi an ɗauke wuta, ko tururuwa ba za ki gani a kai ba. Fari tas kuma ba ya rufa asiri ko kaɗan. Mai ɗige-ɗige, ruwan toka ko ruwan ƙasa, shi ya fi haƙuri da gidan da ke da yara. Ki kai guntayen cikin kicin ɗin ki dube su da safe, ki sake dubawa da dare a hasken da kike girki da shi.

Daga nan sai awo, don tun ran gini ran zane. Tunda ba za ki tsaya a kan masu aiki ba, ki gama naki aikin kafin su shigo. Yawanci tsayin kanta daga ƙasa santimita 90 ne, faɗinta daga bango 60. Amma mata ba tsayinsu ɗaya ba. Ki tsaya ki lanƙwasa hannu, ki auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunki da tef ɗin ɗinki, ki rage santimita 10 zuwa 15, nan ne daidai ke. In ta yi ƙasa bayanki zai gaya miki, in ta yi sama kafaɗa ce za ta sha wuya. Wurin da za a ɗora risho ko abin girki na gas, musamman mai zaman kansa da ake ɗorawa a sama, gara a sauke shi ƙasa kaɗan, saboda tuƙin tuwo yana son ki fi ƙarfin tukunya. Ki sami alli ko gawayi ki zana a bango: nan wurin wanke-wanke, nan wurin girki, nan za a huda don robar gas ta wuce. In gidan ku biyu ne ko uku kuke haɗa kicin, ku zauna ku yi shawara tare, kada kanta ta zama abin faɗa.

Kauri iri biyu aka fi samu, santimita 2 da santimita 3. Dutse fa nauyi gare shi. Falle mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, in mai kaurin 2 ne ya haura kilo 50, wato ya ɗara buhun siminti, in mai kaurin 3 ne yana kai kilo 80. Don haka a duba abin da zai ɗauke shi. In dakalin bulo da kankare za a yi, mai kaurin 2 ya wadatar. In kabad ɗin katako ne, a tabbatar katako ne na ƙwarai, ba irin na garin katako da ke kumbura in ya sha ruwa ba, a kuma yi maganin gara tun da wuri.

Ga wasu 'yan abubuwa da za ki sa a gaya wa mai aiki, in ma da hali ki rubuta a takarda. Kada mahaɗar falle biyu ta faɗo a wurin wanke-wanke, don siririn dutsen da ke gaban ramin nan shi ya fi saurin tsagewa, a kuma tallafe shi ta ƙasa. A daddaƙe baki da kusurwa su zama masu santsi, saboda tsayin kanta daidai goshin yaro yake. A bar bakin dutsen ya ɗan zarce ƙofofin kabad da kamar yatsa biyu, don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi katako. A sa ɗan siririn dutse a jikin bango, a toshe duk wata kafa, in ba haka ba kin gina wa kyankyasai gida.

Wannan kuma da babbar murya nake faɗa. Kada a yarda a yanka dutse a busashe a tsakar gida. Ƙurar da ke tashi tana shiga huhu ta zauna, tana jawo ciwon da ba a warkewa ga masu yawan shaƙarta. Saboda irin wannan ciwo da ya kama ma'aikata ne ƙasar Ostareliya ta hana aiki da dutsen masana'antar nan daga watan Yuli na 2024. Giranit ma yana da wannan ƙura. A yi yankan a can wurin aikinsu. In dole sai an ɗan rage a gida, a yi a waje ana zuba ruwa, a kawar da yara, a rufe abinci da randa, bayan an gama a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara.

Batun kuɗi kuwa, kafin a biya a tambaya a ji: farashin nan ya haɗa da yanka, da gyaran baki, da huda ramin wanke-wanke, da dako, da kafawa? In ya fashe a hanya, asarar wa? Sau da yawa abin da aka ji da araha, waɗannan ne ba a lissafa ba. Kada kuma a biya duka sai an kafa kin shiga kin duba. In gidan haya kuke, a yi magana da mai gidan tukuna, domin dutsen da aka kafa da siminti da wuya ya fita lafiya. Iyaye masu shirin jeren 'ya, ku ma ku kula da wannan.

In kuɗin bai kai ba, ba dole sai an shimfiɗe kicin duka ba. A sa giranit a inda aiki ya fi yawa, tsakanin wurin girki da wurin wanke-wanke, sauran a yi tayil ko a shafe da siminti, in hali ya samu a ƙarasa. Guntayen da suka rage wa masu yanka sukan fi sauƙin kuɗi, kuma sukan isa ƙaramin kicin. Kada ki kwashe adashinki ko ki tura maigida cin bashi don kin ga na wance. Daidai ruwa daidai tsaki. In kuwa ranki ya kafe a kan mabul, a sa miki shi a wani gefe can nesa da miya, wurin murza fulawa, don sanyinsa yana yi wa kwaɓin cincin da kek daɗi.

Bayan an kafa, kulawar ba wuya. Ruwa da sabulun wanke-wanke da tsumma mai laushi sun isa. Ban da soson ƙarfe, ban da toka da yashi, ban da ruwan wanke banɗaki. Abin da ya zube a share nan take. Kwalbar manja a sa mata faranti a ƙasa. Giranit yana jure zafi, amma duk da haka ki ajiye ɗan katako na sauke tukunya. Turmi kuwa, ko ƙarami ne, wurinsa ƙasa, haka sara ƙashi. Kada kuma yara su riƙa hawa kai don ɗauko abu a sama.

Ke kuma 'yar uwa mai saƙo, ga abin da za ki yi. Tabon manja, ki kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri, ki shafa a wurin, ki rufe da leda ya kwana ya wuni, ki cire ledar ki bari ya bushe sannan ki share. Yakan jawo man, ko da sai an maimaita sau biyu ko uku. Wuraren da suka dushe kuwa sai mai injin gogewa, daga nan a shafa sila, ki sami babban tire ki riƙa aikin tsami a kansa. Maigida kuma kada ki tare shi da ƙorafi, alheri ya yi niyya. Ki sami lokacin da ransa ke sanyi, ki ɗauko guntun da ya rage in akwai, ki ɗiga lemun tsami a gabansa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

To 'yan uwa, lokaci ya yi mana halinsa. Wadda ke shirin gyara, ta fara da aika a karɓo mata guntaye, sayen na gari ai mai da kuɗi gida ne. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana kamar yadda aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Ku huta lafiya.